Dutse Mai Aman Wuta: Daga Duwatsun Ruma Zuwa Tsibirin Biyoko

Gabatarwa

Wanda ya tashi a ƙasar Batsari ko Safana ba ya bukatar a kwatanta masa dutse. Ga duwatsun Ruma, ga waɗanda ke warwatse cikin Dajin Rugu da kewayen Runka. Hausa ma tana da kalmomi da dama a wannan fage, kamar dutse da tsauni da tudu da fa da kogo. Amma da aka zo ga dutsen da ke fitar da wuta, sai aka yi masa siffa kawai, aka ce "dutse mai aman wuta". Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin haka, da abin da mutum zai gani in ya hau irin wannan dutse.

Bambancin Duwatsun Biyu

Can ƙarƙashin ƙasa akwai zafin da kan narkar da dutse. Narkakken dutsen nan yakan bi ɗayan hanyoyi biyu: ko ya daskare a ciki, ko ya huda ƙasa ya fito. Duwatsun yammacin Katsina hanyar farko suka bi. Sun daskare sannu a hankali a cikin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, shi ya sa in aka fasa su ake ganin ƙwayoyi manya-manya, farare da jajaye da baƙaƙe. Daga baya ruwa da iska suka zaizaye ƙasar da ta lulluɓe su, suka bayyana. Ke nan kakanninmu a wannan yanki ba su taɓa ganin dutse yana amai ba, balle su raɗa masa suna.

A hanya ta biyu kuwa, iskar da ke cikin narkakken dutsen ce ke ingizo shi sama, tamkar talgen da ya tafasa ya ture murfi. Zafinsa kan haura digiri 1,000. Abin da ya fito shi ke taruwa ya zama tsauni, a bar rami a ƙololuwarsa. Ramin shi ne bakin dutse, abin da ya malalo ya daskare kuma galibi baƙin dutse ne. Ƙugiya ɗaya ce ta raba su a rubuce. In aman ya lafa, ruwa kan cika ramin ya zama tafki, kamar Tafkin Tila da ke kusa da Biu.

Yini Guda a Biyoko

Masana ilmin ƙasa sun nuna akwai jerin irin waɗannan duwatsu da ya taso daga cikin tekun Atlantika, ya ratsa Kamaru, reshensa ya kai Biu. Tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini yana cikin jerin. Da ana kiransa Fernando Po, kuma dubban leburorin Nijeriya sun yi aiki a gonakin kokonsa har zuwa 1976. Duwatsu uku ne suka haɗu suka yi tsibirin. Mafi tsawo shi ne Basile, mai mita 3,011, wanda ya yi amansa na ƙarshe a 1923.

Mai son ganin bakin dutse zai yi sammako daga birnin Malabo, mota ta kai shi Moka a tsaunukan kudu, daga nan sai ƙafa. Yana hawa sanyi na ƙaruwa, hazo na rufe hanya. Bayan tafiyar 'yan sa'o'i sai ya iske kansa a gefen wani ƙaton kwarmi mai siffar akushi, ga Tafkin Biyawo kwance a ƙasansa, tsit, ba wuta ba hayaƙi. In ya lura da ƙasar da ya tako, zai ga baƙa ce mai albarka, domin tokar dutsen da ta ruɓe taki ce. Wannan albarka ita ke jawo manomi da makiyayi su zauna a irin waɗannan wurare.

Darasin Tafkin Nyos

Sai dai shirun tafki ba shi ke nuna lafiya ba. A daren 21 ga Agusta, 1986, Tafkin Nyos na Kamaru, wanda shi ma bakin dutse ne, ya saki iskar kabon dayoksaid da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashin ruwansa. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta gangara cikin kwaruruka kamar ruwa. Mutum fiye da 1,700 suka rasu, tare da dabbobi wajen 3,500, da yawansu shanun Fulani makiyaya. A 2001 aka kafa bututu a tafkin don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan.

Kammalawa

Mun ga cewa duwatsunmu da na Biyoko duk daga narkakken dutse suke, wurin daskarewa ne ya bambanta su. Amma mutanenmu matafiya ne, fatauci da kiwo sun kai su har tsaunukan Kamaru, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Gargaɗin da aka yi wa mutum cikin harshen da ba ya ji, daidai yake da ba a yi ba. Saboda haka aiki ya rage gare mu ɗaliban Hausa: mu tattaro sunayen duwatsu daga bakin dattawa da maharba da mahaƙa rijiya, sa'an nan mu daidaita kalmomin da za a koyar da wannan ilmi da su.