Kwaɗon Kabeji Irin na Asiya: Haɗi Ɗaya, Ci na Kwana Uku

Uwargida, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla gram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum. Idan muka faɗi haka a ɗakin awo, amsar da muka fi ji ita ce babu lokacin yanke-yanke kowace rana. To ga wata dabara.

A ƙasar Biyetnam ana yanka kabeji sirara, a kwaɗa shi da tsokar kaza, da gyaɗa, da lemun tsami. A Sin da Japan kuma sun fi sa man riɗi, da citta, da wani baƙin ruwa mai gishiri da ake kira soya sos. Wadda ta saba kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ba za ta ga baƙon abu ba.

Ki sami rabin kabeji, karas 3, koren tattasai 2 da albasa mai lawashi. Waɗannan suna da tauri, shi ya sa suke kwana ba su yi laushi ba. Latas, tumatir da kokwamba kuwa ruwa suke saki, sai ranar ci za ki yanka su.

Wanki shi ne babban al'amari, domin ɗanye za a ci. Ƙasa da ruwan da aka yi ban-ruwa da shi suna iya barin ƙwayoyin taifot, kwalara da ƙwan tsutsar ciki a jikin ganye. Ki wanke hannu da sabulu, ki cire ganyen kabeji na waje, ki kankare karas, ki wanke komai da ruwan da aka tafasa ya huce. Barbaɗa gishiri a ruwan wanki ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta, kada ki dogara da shi. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama, a wanke su tukuna. Idan kina da juna biyu, ni na fi son ki tsoma kabejin da karas ɗin cikin tafasasshen ruwa na minti ɗaya, ki tsame. Garɗinsu ba ya tafiya.

Ki tsane su sosai, ki zuba a roba mai murfi. Ruwan haɗin kuma, wato lemun tsami 2, man riɗi ko na gyaɗa cokali 2, dakakkiyar citta da tafarnuwa, ki ajiye shi daban a kwalba. In kika haɗa tun farko, washegari kabejin ya kwanta. Lemun tsamin yana da wani amfani: bitamin C ɗinsa na taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe, abin da mai ƙarancin jini take buƙata.

A yi hattara da soya sos. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da gishiri sama da gram 2, alhali bai kamata mutum ya kai gram 5 a yini ba. Mai hawan jini ta bar shi. Soyayyar gyaɗa da riɗi a barbaɗa lokacin ci, a kuma tsince duk gyaɗar da ta yi funfuna, don tana cutar da hanta.

A firji mai sanyi ƙasa da digiri 5, haɗin zai yi kwana 3. Idan an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4 ne kawai. In ya wuce haka, ki zubar da kazar da ke ciki, kayan lambun kuma ki soya su sama-sama a ci a ranar. Wadda ba ta da firji, ta yanka daidai na yini ɗaya.