Idan wasa ya mutu, laifin wa? Mod Organizer da wahalar masu kula da ita

Duk wanda ya taɓa sauya rigunan 'yan ƙwallo a PES, ko ya saka sabuwar mota a GTA San Andreas, to ya riga ya san mod ko da bai san sunansa ba. Mod shi ne gyara ko ƙarin da 'yan wasa ke yi wa wasan bidiyo da hannunsu, ba kamfanin da ya ƙera shi ba. Ɗaya ko biyu ba su da matsala. Amma ka tara ɗari biyu a wasa guda, kowanne yana son ya danne fayil ɗin ɗan'uwansa, nan ne ake shiga uku.

Haka ta faru da Skyrim, wasan da kamfanin Bethesda ya fitar ranar 11 ga Nuwamban 2011. Wani mai rubuta manhaja da aka fi sani da laƙabin Tannin ya haɗa tasa manhajar mai suna Mod Organizer, ya sake ta kyauta. Dabararta ita ce ba ta taɓa ainihin foldar wasan. Kowane mod yana zaune a ɗakinsa daban, sai lokacin da ka kunna wasan take yi masa rufa-ido, ya ga kamar duk fayilolin suna wuri ɗaya. Ka cire mod, wasanka ya koma yadda yake. A 2016 shafin Nexus Mods ya ɗauki Tannin aiki, inda ya jagoranci ƙera Vortex, 'yan sa-kai kuma suka ci gaba da riƙe Mod Organizer 2.

Sai dai fa wannan rufa-idon shi ne kuma tushen yawancin ƙorafi. Manhajar tana kutsa kai cikin wasan yayin da yake aiki, kuma irin wannan hali ne na bairos, shi ya sa manhajojin tsaro kan tare ta. Mutum ya ga mod ɗinsa sun ƙi fitowa, ya hau zagin masu manhaja, alhali mai gadin kwamfutarsa ne ya rufe ƙofa. Haka nan idan ka ajiye wasan a cikin Program Files, Windows na iya hana a yi rubutu a wurin. Mu kuma a nan muna da tamu ƙarin matsalar: wuta ta ɗauke ko data ta ƙare ana tsakiyar sauke fayil, ya sauko a gurgunce, ka saka shi ba ka sani ba.

Wani lokacin ma daga sama abin yake zuwa. A Nuwamban 2021 Bethesda ta sabunta Skyrim don cikarsa shekara goma, kuma sabuntawar ta karya ɗimbin mod da suka dogara da SKSE. Ba ruwan Mod Organizer a ciki, amma wanda wasansa ya ƙi tashi ba ya tsayawa bambancewa. Manhajar da ya danna ita ce mai laifi, shi ke nan.

To ya ake gano ɓarawon? Akwai hanyar da ba ta buƙatar ilimin komai sai haƙuri. Kashe rabin mod ɗinka, ka kunna wasan. In ya tashi, matsalar tana cikin rabin da ka kashe. In bai tashi ba, tana cikin waɗanda ka bari. Sake raba wancan rabin biyu, ka ci gaba a haka. Mod 200 ba za su wuce zagaye takwas ba kafin ka kama shi, matuƙar dai guda ɗaya ne ke ɓarnar. Amma ka yi gwajin da sabon wasa, kada ka yi da inda ka adana ci gabanka, domin wasu mod suna barin sawunsu a ciki ko bayan an cire su. Akwai kuma LOOT, wadda ke jera mod bisa tsarin da ya kamata su loda, tana ma gaya maka idan wani yana buƙatar wani da ba ka saka ba.

Idan duk ka yi abin ya ƙi, sai neman taimako. A nan ne, gaskiya, yawancinmu muke ba da kunya. "Ba ya aiki, ku gyara" ba rahoto ba ne. Wanda zai amsa maka ɗan sa-kai ne, wataƙila yanzu ya taso daga aikinsa na neman abinci, kuma ba ya ganin allon kwamfutarka. Gaya masa sigar wasanka da ta manhajar, da abin da ka saka na ƙarshe kafin a samu matsala, da abin da ka riga ka gwada. Ka haɗa masa da fayil ɗin da manhajar ke rubuta duk abin da ya gudana, yana cikin foldar logs. In kuma ka gano maganin da kanka, ka dawo ka rubuta yadda ka yi, ba wai ka ce "na gyara" ka ɓace ba.