Sa'o'i 1,500 a sama, amma a faɗi horo: Halin da sababbin matuƙa ke ciki a Amurka

A Amurka, takardar ɗaukar aiki daga kamfanin jiragen sama ba ta mayar da mutum matuƙin fasinja. Bayanta akwai horo na wata biyu zuwa uku, kuma ba duk wanda ya shiga ke fitowa da kaki ba. Wani kan buƙaci ƙarin darasi kafin ya tsallake, wani a sallame shi, wani kuwa ya hango inda aka dosa ya ajiye aikin da kansa tun kafin a rubuta masa faɗuwa. Yawan masu tuntuɓe a wannan mataki ya zama abin jayayya tsakanin kamfanoni da ƙungiyar matuƙa da Majalisar Dokokin ƙasar fiye da shekara goma ke nan.

Abin ya fi shafar kamfanonin da ke jigila tsakanin ƙananan garuruwa da manyan filayen jirgi, irin su SkyWest da Republic da Envoy da Endeavor. Jiragensu kan ɗauki fasinja 50 zuwa 76, an yi musu fenti da tambarin American ko Delta ko United, har fasinja bai cika sanin cewa wani kamfani dabam ne ya ɗauko shi ba. Nan ne ƙofar shiga ga mafi yawan matuƙan da ba soja ba. Saurayin da jiya yake koyar da ɗalibai a ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, yau shi ake so ya iya sarrafa jirgi mai injin jet a cikin hazo da cunkoson sararin samaniyar Chicago.

Horon yana farawa da aji: dokokin kamfani, sannan sassan jirgi, daga wutar lantarki zuwa mai da na'urorin tuƙi. Daga nan sai na'urar kwaikwayon jirgi, wani ɗaki mai motsi da aka ƙera daidai da mazaunin matuƙa, inda malami zai kashe inji ɗaya daidai lokacin tashi ya zuba ido ya ga abin da ɗalibi zai yi. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe zai yi aƙalla sa'o'i 25 yana ɗaukar fasinja na gaske tare da kyaftin mai sa ido. Karatun aji ba kasafai yake kayar da mutane ba. A cikin na'urar nan ake gane wanda ya saba aiki da abokin tuƙi, wanda ya iya tuƙi da agogunan jirgi kaɗai ba tare da ganin ƙasa ba, da wanda hankalinsa ke iya gaba da jirgin da ke gudu ninki uku ko huɗu na wanda ya saba.

Tushen dokar da ake takaddama a kanta haɗari ne. A daren 12 ga Fabrairun 2009, jirgin kamfanin Colgan Air mai lamba 3407 ya faɗa kan wani gida a kusa da birnin Buffalo na jihar New York. Mutum 50 suka rasu, 49 a cikin jirgin, ɗaya a cikin gidan. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta gano cewa gudun jirgin ya ragu, sandar tuƙi ta soma karkarwa don gargaɗi, sai kyaftin ya janyo ta baya maimakon ya tura ta gaba kamar yadda ake koya wa ɗalibi tun a watanninsa na farko. An kuma gano cewa ya faɗi jarrabawar tuƙi sau da dama kafin ya zo kamfanin, amma ɗaya kawai ya ambata a takardar neman aiki.

Iyalan mamatan suka yi ta sintiri a Majalisa har aka kafa doka a 2010, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta FAA ta fitar da ƙa'idojinta a 2013. A da, lasisin kasuwanci na sa'o'i 250 ya wadatar a zama mataimakin matuƙi. Sabuwar ƙa'ida ta mayar da shi sa'o'i 1,500, tare da rangwame: 750 ga tsoffin matuƙan soja, 1,000 ga masu digiri a fannin daga jami'ar da aka amince da ita, 1,250 ga masu karatun shekara biyu. Sai dai akwai abin da masu sukar dokar ba sa gajiya da tunatarwa: kyaftin ɗin Colgan yana da sa'o'i sama da 3,000 a daren, mataimakiyarsa tana da sama da 2,000. Da dokar tana aiki a lokacin, ba za ta hana ko ɗayansu zama a kujerarsa ba.

Wasu malaman jami'o'in da ke koyar da tuƙi, cikinsu har da na Embry-Riddle da North Dakota, sun bi takardun horon kamfanoni don ganin abin da ya sauya. Zagayen bincikensu na 2015 ya duba matuƙa sama da 6,000 da kamfanoni 19 suka ɗauka bayan dokar ta fara aiki. Sakamakon bai yi wa kowa daɗi sosai ba. Waɗanda ba su kammala horo ba sun ƙaru idan aka gwada da na kafin dokar. Waɗanda suka fi tsallakewa ba tare da ƙarin darasi ba su ne masu ƙarancin sa'o'i da suka fito daga tsararren karatun jami'a ba da jimawa ba. Masu tarin sa'o'i da suka daɗe da barin makaranta su suka fi shan wuya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yadda ake tara sa'o'in. Ɗalibi yana gama makaranta da sa'o'i 250 ko 300, ga bashin da kan kai dala 100,000 a wuyansa. Ragowar zai neme su ne ta koyarwa, ko jan tutar talla a bakin teku, ko ɗaukar masu tsalle da laima, galibi da rana tsaka, sama garau, shi kaɗai ke yanke shawara. Shekara biyu a haka tana ƙara masa lamba a kundi, amma tana iya dusar da abin da ya koya na tuƙi cikin gajimare, ta kuma dasa masa ɗabi'un da sai an kankare. Sa'a ɗaya da aka maimaita sau dubu ba ta zama gogewar sa'o'i dubu.

Duk da haka, ya kamata a karanta alƙaluman da taka-tsantsan. Ƙungiyar ƙananan kamfanonin ce ta fi kowa yayata su, ita kuwa tana da buƙatar a sassauta dokar don ta sami ma'aikata da sauri. A shekarun da aka yi binciken, albashin sabon mataimaki ya yi ƙasa ƙwarai, masu nema sun yi kaɗan, kamfanoni suna karɓar waɗanda a da ba za su kira su ganawa ba. Kuma “bai kammala ba” ta haɗa da wanda ya tafi don ya sami tayi mafi tsoka. Ƙungiyar matuƙa ta ALPA tana cewa matsalar ta kuɗi ce, kuma ba a rasa hujja ba: a 2022, da ƙarancin ya tsananta, wasu kamfanonin suka ɗaga ladan sabon mataimaki zuwa dala 90 a sa'a. A shekarar ce kuma Republic ya nemi a bar ɗaliban makarantarsa su fara aiki da sa'o'i 750, FAA ta ƙi.

A ganina, faɗuwa a horo ba ita ce abin tsoro ba, domin rariya ce ke aikinta. Abin tsoron shi ne inda labarin faɗuwar ke tafiya. A ranar 23 ga Fabrairun 2019, jirgin kaya ƙirar Boeing 767 na kamfanin Atlas Air ya faɗa cikin ruwa a kusa da Houston ta jihar Texas, mutum uku suka rasu. An taɓa wani maɓalli bisa kuskure, injuna suka ƙara ƙarfi, mataimakin matuƙin ya ji a jikinsa kamar jirgin na ɗaga kai, sai ya danna shi ƙasa. Da NTSB ta bi sawunsa, ta tarar ya taɓa shiga ƙananan kamfanoni biyu ya fita bai kammala horon farko ba, kuma bai ambaci ko ɗaya ba lokacin neman aiki. A wani kamfanin kuma ya kasa cin gwajin zama kyaftin.

Ta yaya aka yi bai faɗa komar masu tantancewa ba? Tsohuwar dokar 1996 ta wajabta wa kamfani ya nemi bayanan matuƙi na shekara biyar daga wuraren da ya yi aiki, amma jerin wuraren daga bakin mai neman aikin yake fitowa. Dokar 2010 ta umarci FAA ta kafa rumbun bayanai guda wanda kowane kamfani zai zuba sakamakon horo a ciki. Ƙa'idar ƙarshe ta rumbun ba ta fito ba sai 2021, shekara 11 bayan umarnin, shekara biyu bayan haɗarin Atlas. Ma'aikacin gwamnatin da ya taɓa ganin fayil ya kwana a tebur ɗaya har aka sauya shugabanni uku ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda hakan ke faruwa. NTSB ta faɗa ƙarara cewa jinkirin yana cikin abubuwan da suka taimaka wa haɗarin.

Najeriya ba ta bin ƙa'idar sa'o'i 1,500, kamar yadda Turai ma ba ta bi. A can ana zaunar da ɗalibi mai sa'o'i kusan 200 a kujerar dama bayan tsararren horo. Amma sashe ɗaya na binciken ya shafe mu kai tsaye, wato tazarar da ke tsakanin gama makaranta da fara aiki. Kwalejin Zariya tana yaye matuƙa tun bayan kafa ta a 1964, gwamnatocin jihohi sun tura matasa ƙasashen waje, kamar ɗalibai 100 da Kano ta aika Jodan a wa'adin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE kuma ta sha kokawa kan masu lasisi da ke zaune ba aiki. Babban shingen shi ne shaidar ƙwarewa a kan takamaiman samfurin jirgi, wadda ake biya da dala. Duk hukumar da ke tsara tallafin karatun tuƙi ta tsaya a kan lasisin farko, ta sani cewa ɗalibinta zai shiga na'urar gwajin kamfani ne bayan shekarun da ya yi a gida, kuma da hannun da ya kwana biyu bai riƙe sandar tuƙi ba za a auna shi.