Ƙuraje Bayan Rigakafi: A Fara Duba Maganin da Aka Sha

An yi wa yaro allurar rigakafi, bayan kwana goma sai ga zazzaɓi, idanu sun kaɗa jajur, leɓe ya tsattsage, ƙuraje sun feso a ƙirji da gadon baya. Nan take kan gida zai rabu: wasu su ce ƙyanda ce, a killace shi a ɗaki a jiƙa masa tsamiya, wasu su ɗora wa allurar laifi. Da wuya a sami mai tambayar wane magani aka ba yaron a 'yan makonnin nan, alhali mai yiwuwa a nan gizo ke saƙar.

Idan maganin ne sila, likitoci na kiran wannan larura Stevens-Johnson, sunan wasu likitocin yara biyu na Amurka da suka bayyana ta a 1922. Garkuwar jiki ce ke yi wa wani magani bore, ta afka wa fata da cikin baki da ido da al'aura. Ƙurajen kan yi duhu a tsakiya, su yi bororo, sannan fatar ta riƙa saɓulewa kamar wanda tafasasshen ruwa ya zubo wa. Haɗiyar yawu ma sai ta gagara. Idan abin da ya saɓule ya haura kashi 30 cikin 100 na fatar jiki, kusan mutum ɗaya cikin uku kan rasa ransa, wanda ya tsira kuma yana iya ƙarewa da ciwon ido har makanta.

Magungunan da suka fi jawo ta sanannu ne a kemis ɗinmu: Septrin da Fansidar, 'yan dangin salfa, Tegretol da fenobabiton na farfaɗiya, alofurinol na ciwon gaɓɓai, nebirafin na masu cutar ƙanjamau, sai Feldene da ake sha barkatai don ciwon jiki. Abin da ke ruɗa mutane shi ne jinkiri. Ciwon kan ɓullo kwana 4 zuwa 28 bayan fara maganin, lokacin da an manta da shi, allurar kuwa kowa ya tuna kukan da yaro ya yi ranar. An taɓa samun rahoton larurar bayan rigakafi kaɗai, amma jefi-jefi ne ƙwarai, bai kai dalilin hana yaro allurar ƙyanda ba.

Da zarar ƙuraje sun haɗu da zazzaɓi da gyambon baki ko jan ido, a dakatar da sabon maganin, a nufi asibiti a ranar, ko da dare ne. Mai farfaɗiya musamman kada ya bar maganinsa ya zauna a gida, likita ne zai canza masa wani. A tafi da kwalin duk abin da aka sha, har wanda aka saya a hannun mai talla, ban da ɓoye-ɓoye don kunyar likita. Kada a fasa bororon, kada a shafa toka ko man kaɗe. Jikin a buɗe yake ga ƙwayoyin cuta, kulawar mai ƙuna yake buƙata da ƙarin ruwa. A roƙi ma'aikatan su kai rahoto hukumar NAFDAC.

Wanda Allah ya ba lafiya, shi da wannan magani har abada. A rubuta sunan a kati, a faɗa wa duk likita da mai kemis cewa bai karɓe shi ba. Idan salfa ne, a sanar da masu bi gida-gida da damina suna raba wa yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, haka ma a wajen awon ciki, domin duka biyun akwai salfa a ciki.