Noman Naman Kaza a Ƙasar Dangora

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta nufi Tudun Wada da Doguwa bayan kaka, zai ga tattakar shinkafa da totuwar masara jibge a bakin gonaki, wasu dabbobi su ci, saura kuwa a banka musu wuta, alhali a cikinsu akwai wata fa'ida wadda mutanen Sin suka daɗe da ganewa, har ya zama su ke noma mafi yawan naman kazan da ake ci a duniya.

Wannan halitta ba ta bukatar gona ko hasken rana, domin abincinta ruɓaɓɓen tsiro ne. Manomi yakan daddatsa tattaka, ya jiƙa ta, ya turara ta cikin duro don kashe ƙwayoyin da za su yi mata kishiya, sa'an nan ya cakuɗa ta da iri, ya ɗura a leda, ya jera a ɗaki mai duhu. Bayan kamar mako 3 farin zare ya game ledar, a tsaga ta, a riƙa yayyafa ruwa, cikin 'yan kwanaki kunnuwa su ɓullo, a girba sau 2 ko 3. Matar da ke cikin gida tana iya yinsa a zaure guda.

Amma fa akwai mushkila. Ta farko ita ce iri, wanda ba ya samuwa sai a ɗakin bincike mai tsabta, irin na cibiyar FIIRO da ke Oshodi a Ikko, kuma zafin doguwar tafiya yana kashe shi. Ta biyu hunturu, da ke busar da leda kafin azahar, ko da yake garuruwan da ke maƙwabtaka da madatsar Tiga ba su da uzurin rashin ruwa. Ta uku ƙyama, domin jama'a sun san cewa a cikin na daji, irin wanda ke fitowa a Falgore da damina, akwai mai dafi. Wannan tsoro kuwa yana da hujja, sai dai bai shafi wanda aka noma daga sanannen iri ba.

A ganina, hukumar da ke nufin taimako ta fara da samar da iri a Kano, da koya wa mata shanya shi, tun da ɗanyensa ba ya wuce kwana biyu ba firji, busasshe kuwa yakan yi watanni kafin ya isa otal-otal na birni.