Ƙarar da Inji Ke Yi da Asuba

Duk wanda ya bi babban titin Nima zuwa Maamobi bayan sallar asuba zai iske direbobinmu na tasi da trotro suna ta da mota. A cikin rugugin nan akwai wata ƙara da muka saba ji har muka daina kula da ita: kacau-kacau daga gaban inji, na 'yan daƙiƙu, sai ta yi shiru. Jama'a, sau da yawa wannan kukan sarƙar taimin ne.

Sarƙar nan ita ce ta haɗa kiranshaf da kamshaf. Kiranshaf ya juya sau 2, kamshaf ya juya sau 1, ta haka bawul ke buɗewa da rufewa daidai da hawa da saukar fistin. Tsohuwar Peugeot 504 da iyayenmu suka ci moriyarta sarƙa gare ta, haka ma Toyota Vitz da Mercedes Sprinter. Wasu motocin kuwa bel gare su, don haka kowa ya san irin nasa injin.

Abin da ke ɗame sarƙar shi ne tenshina, kuma a yawancin injuna da ƙarfin baƙin mai yake aiki. In mai ya tsufa ya yi kauri, ko ƙurar hunturu ta gurɓata shi, sai 'yar kafar da yake bi ta toshe. Tenshina ya yi sanyi, sarƙa ta saki tana dukan robobin da take gudu a kansu. Ran da ta tsallake haƙori, a injuna da dama fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi. Daga nan sai sauke inji.

A nan ne abin ya shafe mu. Mota ɗaya ce ke ciyar da mai ita, da direba, da yaron mota, da iyalansu. In ta kwana goma a Kokompe, gidaje uku ne tukunyarsu za ta huce.

Shawararmu ita ce mu riƙa yin juye a kan kari, da mai nagari da sabuwar filta. Motar da ke wuni cikin cunkoson Kwame Nkrumah Circle injinta na aiki ko tana tsaye, saboda haka kada mu dogara da lissafin kilomita kaɗai. In ƙarar ta fara daɗewa, mu kai wa fita tun da wuri. In kuma canji ya kama, mu sayo duka a Abossey Okai: sarƙa, tenshina, robobi da giyoyin. Ɗora sabuwar sarƙa a kan cinyayyen haƙori asarar kuɗi ce, kuma sarƙa ta hannu ta riga ta miƙe a motar wani. Araha ba ta ado.

Allah ya tsare mana hanyar abincinmu, amin.