Abincin damana

A ƙasar Nijar babban hutun makaranta yana faɗowa daidai da damana. Ana rufe makarantu wajen ƙarshen watan Yuni, ba a komawa sai Oktoba. A cikin waɗannan watanni ne ake shibka, a yi noma, hatsi ya fid da kai ya nuna. Yaran ƙauye suna bin iyayensu gona. Yaran birni ma da yawa akan aika su wurin kakanni su taya aiki.

Ana yi wa damana kirari da uwar albarka. Gaskiya ne, amma albarkar ba ta zuwa tun ranar da aka yi ruwan fari. Hatsin da ke cikin rumbu na bara ne. An ci shi da kaka, an ci da ɗari, an ci da bazara, an kuma ɗebi iri daga cikinsa. In watan Yuli ya kama, a gidaje da yawa sai mai gida ya sauka can ƙasan rumbu kafin ya taɓo dami. A kasuwa tiyar hatsi ta yi tsada. Sabon hatsi kuwa yana gona, bai wuce gwiwa ba. Ko gero mai saurin nuna yana bukatar wajen kwana 80 zuwa 90 daga shibka zuwa girbi. Ga shi kuma a wannan lokaci ne aiki ya fi nauyi: ana gama noman fari sai a shiga maimai. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Mai yunwa ba ya noma.

To, me ke riƙe gida har sabon hatsi ya zo? Ganyen daji da ƴar garkar bayan ɗaki.

Ganyen da ba a shibka ba

Kwana kaɗan bayan ruwan fari, ƙasa takan yi kore. A cikin wannan kore akwai abinci. Tafasa ce ke fara fitowa, a bakin hanya da cikin saura. Sai gasaya, sai lalo. Yaɗiya ita ko da rani ba ta rabuwa da ganye, tana bin ƙasa tana hawan shinge, amma da damana ne take yin sabon toho mai laushi. Mata da ƴan mata sukan fita da sassafe da ƙwarya su tsinko. Ba a tumɓuke itacen. Toho kawai ake tsinka, don ya sake yin wani.

In an zo gida sai a tsince ganyen, a wanke shi sarai, a dafa. Tafasa tana da wari, gasaya tana da ɗaci, shi ya sa akan tsiyaye ruwansu. Sa'an nan a matse, a daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, a yanka albasa, a cuɗa. Wannan shi ne kwaɗo. Wani lokaci kuma a turara tsakin hatsi ko na masara tare da ganyen zogale, a zuba mai, ya zama dambu. Tiya ɗaya da ba za ta ishi gida tuwo ba, in an yi dambu da ganye mai yawa sai ta ishe su. Uwar gida ba ta rubuta lissafi a allo, amma ta san wannan lissafi.

A shekarun fari da yunwa, kamar 1973 da 1974, da 1984, da 2005, sanin itatuwan daji ya ceci mutane da yawa. An ci ƴaƴan anza. Anza tana da ɗaci ƙwarai, ba a cinta haka nan. Sai an jiƙa ƙwayarta kwana da kwanaki, ana sake ruwa, kafin a dafa. Wanda bai san haka ba zai cuci kansa. Saboda haka yaro ba ya tsinkar ganye ko ƴaƴan itacen da bai sani ba, sai ya nuna wa babba.

Garkar bayan ɗaki

Garkar rani tana son rijiya da guga da wahala. Bayan farin 1984, a zamanin shugaba Seyni Kountché, an ƙarfafa noman rani a ko'ina cikin ƙasa. Garkar damana ta fi sauƙi, don sama ce ke ba ta ruwa. Ɗan fili ya isa, a bayan ɗaki ko a gefen gona. Abu biyu ne ba ta yi sai da su: taki da shinge. Takin awaki da ya ruɓe shi ne mai kyau. Ɗanyen taki yana ƙona shibka. Shinge kuwa na ƙaya ne ko na kara. In babu shi, akuya ɗaya za ta cinye aikin wata biyu kafin a gama sallar azahar.

Kuɓewa ce sarauniyar wannan garka. Akan saka ƙwaya 3 a rami, a bar taki ɗaya na ƙafa tsakanin rami da rami. In sun tsiro a cire marasa ƙarfi. Wajen wata biyu sai ta soma ƴaƴa. Daga nan dole a riƙa zagayawa bayan kwana 2 ko 3 ana tsinka. Kuɓewar da aka manta da ita takan ƙosa ta zama itace, ba ta miya, kuma uwar takan rage haihuwa. Wannan aikin yara ne, kuma suna iya shi.

Ana shibka yakuwa da rama a gefe. Yakuwa ba ta da abin yarwa: a ci ganyenta da damana, a yi abin sha da soɓorodonta da kaka, a yi daudawar batso da ƙwayarta. Kabewa akan bar ta ta hau darni ko rufin rumfa. Wasu sukan ƙara yalo da barkono da ƴan layukan masara kusa da gida, inda ƙasa ta sha taki.

Zogale shi itace ne, amma yana girma da sauri kamar ciyawa. Ana shibka ƙwayarsa, ko a kafa reshe. In ya kai ƙirjin mutum sai a sare kansa, ya yi rassa da yawa a ƙasa inda hannu ke kai. A Jiratawa, kusa da Maraɗi, manoma suna da gonaki sukutum na zogale, ana kai ganyensa kasuwanni har nesa. Ranar 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, ita ce kuma ranar dashen itatuwa tun 1975. Ɗan makarantar da ya dasa zogale a gidansu a wannan rana, ya tsare shi daga awaki, zai ci ganyensa kafin shekara ta zagayo.

Albasa da tumatir ba su son ruwa mai yawa. Albasar Galmi da ta yi suna amfanin rani ce. Da damana sukan yi wuya su yi tsada, sai a koma ga busasshen tumatir da gabu da aka ajiye.

Abin da ganye ke yi wa jiki

Wasu suna raina ganye, suna cewa abincin talaka ne. Kuskure ne babba. Tuwo da fura suna ba jiki ƙarfin aiki, amma ba su da dukan abin da jiki ke so. Koren ganye da kabewa suna da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Rashin wannan bitamin ne ke kawo dundumi: da rana ta faɗi sai yaro ya daina gani sosai, yana tuntuɓe da turmi da tukwane. In abin ya yi tsanani yana iya makanta. Ganye yana da sinadarin ƙarfe kuma, wanda jini ke bukata. Wake da gyaɗa da nono su ne ke gina tsoka.

Bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Ashe waɗanda suka fara haɗa ganye da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa sun yi daidai, ko da yake ba su taɓa jin sunan bitamin ba. Akwai dai abin gyara. Dahuwa mai tsawo tana rage amfanin ganye. Kanwa mai yawa ma haka, tana lalata wasu bitamin. A sa ta kaɗan, a sauke tukunya da wuri.

In ganye ya yi yawa, a shanya don rani. A inuwa ake shanyawa, a kan tabarma mai tsabta, inda iska ke bi. Ganyen da ya bushe a inuwa yana riƙe korensa da amfaninsa. Wanda rana ta ƙona yakan koɗe. Kuɓewa kuwa a yayyanka ta kafin a shanya.

Wuta da tanda

Girkin damana yana da tasa wahala. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗakin girki, ido yana hawaye. Mace mai dabara takan tara itace da kara tun da bazara, ta ɓoye a ƙarƙashin rumbu. Murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi yana tattara wuta a gindin tukunya, bai cin itace kamar duwatsu uku. A birni wasu suna girki da gas.

Ranar kasuwa ko ranar Juma'a akan toya masa. Tun da yamma ake kwaɓa ƙullun, a sa masa yis ko a zuba ɗan tsohon ƙullu mai tsami, a rufe ya kwana. Da safe sai a ga ya kumbura, yana ƴan ƙwayaye. Me ya kumbura shi? Yis wani abu ne mai rai, ƙanƙane ƙwarai, ido ba ya ganin ƙwayarsa guda. Yana cin zaƙin da ke cikin ƙullu, yana fid da iska. Iskar ce ke ɗaga ƙullun, ita ce kuma ke barin ƴan ramuka a cikin masa. Da ɗumi yis yana aiki da sauri, da sanyi yana nawa. Haka ne ma burodi ke tashi kafin a sa shi a tanderu. Sai a ɗora tanda, a shafa mai a kowane rami, a zuba ƙullu da ludayi, in gefe ɗaya ya yi a juya.

Cin abinci a gona

Manoma suna fita tun da asuba. In gona tana da nisa ba a dawowa gida sai yamma, don haka abinci ne ke bin su. Tun da safe mata sun yi surfe, sun yi daka, sun dafa dawo, sun kirɓa. Da hantsi ya yi sai a dama fura da nono a babbar ƙwarya, a rufe da faifai. Ƴan mata su ɗauka a ka, ƙannensu su biyo da gorar ruwa da kwanon kwaɗo.

Suna isa bakin gona sai su ce: «Sannunku da aiki, Baba!» A amsa: «Yauwa, sannunku da rana!» Kowa ya ajiye hauya ya nufi inuwa.

Wace inuwa? Ba ta gawo ba. Gawo itace ne mai abin mamaki: da damana yake zubar da ganyensa, da rani ya yi kore. Shi ya sa manomi ke son sa a tsakiyar gona, don ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Amma mai neman inuwa a watan Agusta sai ya je gindin tsamiya ko aduwa ko dogon yaro. A nan ake zama. Babba ne ke fara sha, sa'an nan ludayi ya zagaya. Ranar gayya kuwa, da samarin gari suka zo taya noma, mai gona yakan sa a yi tuwo da miya mai kyau, wani ma har ya yanka akuya.

Ruwan da aka dama fura da shi ya fi kome muhimmanci. Da damana tabkuna sun cika, ruwansu yana kusa, ana kwaɗayin ɗiba. Amma dabbobi suna shiga ciki, ruwan sama kuma ya kwaso ƙazantar gari ya zuba. Ruwan tabki yana kawo zawo, wani lokaci har kwalara. Dā yana kawo kurkunu, wanda yakan kwantar da manomi daidai lokacin noma. An yaƙi kurkunu da tace ruwa da gina rijiyoyi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa babu shi a Nijar. Zawo kuwa yana nan. A ɗebo ruwan sha a famfo ko rijiya mai murfi. In babu sai na tabki, a tace a tafasa. A wanke hannu da sabulu ko toka kafin a sa cikin kwano, a kuma mayar da faifai saboda ƙuda. Furar da ta wuni a rana ba a ba ƙaramin yaro.

Tumu

Wajen ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, gwargwadon lokacin da aka yi shibka, gero yakan yi ido. Ƙwayar ta cika amma ba ta bushe ba, in an latsa ta da farce sai ɗan farin ruwa ya fito. Lokacin tumu ke nan. Da rana ake zaɓensa, a duba zangarniyar da ta cika, wadda tsutsa ba ta taɓa ba. Wanda ya karyo da dare bai san abin da ya ɗauko ba. Daga nan ne aka samo maganar zaɓen tumun dare. Ba a karyar tumu a gonar wani, a gonar gida ma sai mai gida ya yarda.

Da yamma sai a hura wuta a tsakar gida ko a bakin gona. A jira harshen wuta ya kwanta, a ɗora tumu a kan garwashi, a riƙa juyawa har ya yi ƙamshi. A murje shi a tafin hannu, a hure ƙaiƙayi, a watsa a baki. A gefe ana gasa masara, tukunyar ɗanyar gyaɗa tana tafasa, an dafa sabon wake da kwasfarsa. Kaka tana ba jikoki tatsuniya. Mai gida kuwa ya soma duba rumbu, yana neman inda zai yaɓe kafin a kawo damman farko.